Abin da Man Inabi Bai Iya Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Takarda daga ubanka, Audu Mai Inabi na Kudan, zuwa ga ɗana Ilu, wanda ya tafi Kaduna koyon gyaran injin jirgin ƙasa. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Ina fata ka sauka lafiya, ka sami masauki wurin mutanen kirki. Yaya gajiyar hanya, yaya baƙunta, yaya ruwan garin? Allah ya tsare ka daga sharrin ƙarfe, da na wuta, da na mutum. Innarka tana gaishe ka. Baffanka Tanko yana gaishe ka.

Bayan gaisuwa, kada ka nemi labarin gida a cikin wannan takarda, ba shi ya kawo ni ba. Ka san ban iya rubutu ba, ko a allo ban yi nisa ba. A Kudan akwai masu rubutu har uku, amma kowannensu yana da mata, kowace mata kuma tana da maƙwabta. Shi ya sa na tako da ƙafata har kasuwar Makarfi, na zauna gaban wani mai rubuta wa mutane takarda wanda bai san ni ba. Na ce masa ya sa maganata yadda ta fito, kada ya yi mata kwalliya. Kai ma idan za ka karanta, ka koma gefe kai kaɗai.

Ilu, akwai tabo a bayanka.

Yana ƙasan allon kafaɗarka ta hagu, inda idonka ba ya kaiwa. Faɗinsa bai wuce bakin ludayi ba, ya fi sauran jikinka haske, ja-ja haka. Na gan shi ranar da muke dafa mazarƙwaila a fadama, da ka tuɓe riga saboda zafin kasko. Duk bayanka ya jiƙe da gumi, wurin nan kaɗai yana bushe. Bayan kwana biyu na ce ka kawo bayanka in shafa maka mai saboda gajiya. Ka tuna? Akwai ƙayar aduwa a hannuna. Na tsikare ka a dama, ka zabura ka ce, "Baba, mene ne haka?" Na ce cinnaka ne. Sai na tsikari tabon, sau uku, har na ga ɗigon jini. Kai kuwa kana ta ba ni labarin yadda aka ce Kaduna take, ko numfashinka bai canja ba.

Wata huɗu ke nan. A cikinsu ban faɗa maka ba, ban faɗa wa Innarka ba. Kullum dai ina samun dalilin da zai sa in shafa maka mai. Ranar da na raka ka tashar Likoro na danƙa maka kwalba na ce ka riƙa sa wani ya shafa maka a baya, ban ce don me ba. Da jirgin ya ja, na juyo gida a ƙasa. Tun ranar tuwo bai yi mini daɗi ba.

Mai yiwuwa ƙyasfi ne. Allah ya sa ƙyasfi ne. Amma ƙyasfi yana jin ƙaya. Abin da nake tsoro shi ne kuturta, irin ta Baffanka. Ga shi na faɗa. Abin da nake so da kai ɗaya ne: ka je asibiti, ka tuɓe riga, ka nuna wa likita wurin. Cikin wannan mako, ba sai an biya ka albashi ba, ba sai ka saba da gari ba.

Na san ka. Hancin uwarka ka ɗauko, amma taurin kan nawa ne. Za ka ninke takardar nan ka ce tsoho ya fara ruɗewa. Saboda haka bari in gaya maka abin da taurin kai ya saya mini, ka auna da kanka.

Tun ba a haife ka ba na yi rani uku ina ɗaukar buhu wurin wani Balaraben Sham mai awon gyaɗa a tashar Likoro. A bayan kantinsa yana da rumfar inabi. Matarsa ba ta zubar da 'yan ƙwallayen ciki. Takan wanke su, ta shanya, ta fitar da wani mai kore-kore marar nauyi, ta shafa wa yaranta. Lokacin ɗari namu yaran duk sun yi fururu, nata kuwa sumul. Da zan bar aikin na roƙe shi reshe, ya yanko mini biyar, ya ce, "Audu, wannan itace sai da aski. Duk shekara idan ruwa ya ɗauke ka datse shi, ka bar shi tsirara kamar sanda. Idan ka ji tausayinsa, ganye za ka ci."

Biyu suka kama a bakin fadamarmu, gara ta cinye uku. Suka hau rumfa suka yi lif. Na ɗauko wuƙa na tsaya ina kallo, na ce wane mahaukaci ne zai sare wannan albarka? Balarabe ƙasarsu ya sani, ni na san tamu. Shekara uku ina ɗebo ruwa ina zuba wa ganye. Sarkin Noma na lokacin, Allah ya jiƙansa, ban dai manta ba, duk ranar da ya wuce sai ya ce, "Audu, yaya rumfar shan iska?" A shekara ta huɗu shanun wani Bafillace suka shiga suka yi mata kaca-kaca. Na kai ƙara, na yi rantsuwa, na yi kwana uku ba na magana da kowa. Wannan shekarar ce ta fara 'ya'ya. Abin da mai abu ya gaya mini da baki na ƙi, sai da saniya ta koya mini.

To kai yanzu kana hannun masu koya maka aiki. Idan wanda ya riga ka sanin abu ya ce ka yi kaza, ka yi, ko da idonka yana gaya maka ɓarna ce. Likita ma haka. Idan ya ce zai ɗan yanki fatar wurin ya duba, ka miƙa masa baya.

Ka tashi ka tarar ana kirana Mai Inabi. Kafin nan wani suna suke kirana. Inabin da Allah ya ba ni mai tsami ne, ba wanda zai saya. Ni kuwa ƙwallon nake so. Sai na riƙa shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, in ajiye inabi a faifai, in ajiye ƙwarya a tsakiya. Kowa ya ci kyauta, amma ya tofa ƙwallon a cikin ƙwarya. Mutanen garin nan suka cinye inabina shekara da shekaru, suna tashi suna kirana Audu Mai Tsintar Tofi. Wasu don mugunta haɗiyewa suke yi suna kallon idona. Wani malami ya tsaya a bainar jama'a ya ce na shuka uwar giya a garin Musulmi, washegari ya aiko a ba shi na maras lafiya. Na ba shi. Ban yafe ba, amma na ba shi.

Da na tara ƙwallo cikin tulu guda, sai na zo fitar da mai. Innarka ta ce, "Malam, abin nan ƙanana ne, ba zai ɗauki wuta ba. A daka shi ɗanye, a turara kaɗan, a matse." Na ce mata ita gyaɗa ta sani, kuma ba ita ta zauna da Larabawa ba. Alhali ni ma ban taɓa leƙa madafin matar Balaraben ba, buhu nake ɗauka a waje. Na soya shi a kasko kamar gyaɗa har ya yi baƙi. Abin da ya fito ɗan kaɗan ne, baƙi ƙirin, yana warin ƙauri, ga ɗaci. Tofin shekara biyu ya tafi a wuni ɗaya. Innarka ta dai ɗauki kaskon ta wanke. Da ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

Daga baya muka bi hanyarta, ya fito. Na daɗe ina lura da shi, kuma abin da na gane ke nan. Abu uku ne a cikin ƙwallon nan. Akwai bauri a ɓawonsa, irin wanda ke kama harshe, ɗan'uwan na bagaruwar da majema ke jiƙa fata da ita, shi ne ke ɗaure fatar mutum ta yi ƙarfi. Akwai man kansa, siriri kamar ruwa. Ka ajiye shi da man kaɗanya da man shanu a tsakiyar ɗari, su biyun za su yi barci, shi yana nan a farke. Ka shafa shi, kafin ka gama alwala fata ta shanye, ba ya barin maiƙo a riga. Sai dusar da ta rage, wadda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Wuta mai yawa tana kashe na biyun, ta bar maka ɗacin na farkon.

Shawarata a nan, kada ka yi da'awar sanin abin da daga nesa ka hango shi. Idan ba ka sani ba ka ce ban sani ba. Ni wannan kalma ta fi ƙarfin bakina shekara sittin.

Akwai kuma abin da na yi wa wata mata mai tallar nono daga wajen Gazara. Mai ya yi kyau a wannan shekarar, na zuba a farar kwalba na rataye a bakin zaure inda rana ke dukansa, don duk mai wucewa ya ga abin da tofinsa ya zama. Wata biyu yana nan yana ƙyalli. Ta zo da jaririnta, wuyansa ya yi ja, ta roƙa. Da na buɗe na ji warinsa ya juya, kamar tsohuwar gyaɗa. Hancina ya gaya mini, girman kaina ya ce ba komai. Na ba ta. Bayan kwana uku ta dawo, wuyan yaron ya yi ruɗu-ruɗu. Ta tsaya a ƙofar gida ta ce, "Baba, da ka ce mini ya lalace ai da na gode maka." Yaron ya warke, alhamdu lillahi, amma ba ta sake kawo nono layinmu ba. Man nan ba ya son rana, ba ya son iska, ba ya son daɗewa. Abin da ya sa shi laushi shi ne ya sa shi saurin lalacewa. Naka ka ajiye shi a duhu, ka toshe bakin da kyau, ranar da warinsa ya juya ka zubar. Kuma idan ka ga alama a kan abu, ka gaskata alamar tun tana ƙarama.

Yanzu na zo kan wanda na yi ta kewayewa.

Kai ka san Baffanka Tanko da hannuwansa yadda suke yanzu. Ba ka san shi lokacin da yake ɗinkin hula ba. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a ƙasar Ikara duka ba wanda ya kai shi hannu a allura. Kana goye lokacin da ya nuna mini wani tabo a cinyarsa. Ya ce, "Yaya, wurin nan ba na jin sa." A wannan zamanin sai dai a kai mutum can sansanin masu wannan cuta, ya bar gida ya bar iyali. Na ce ɗan ubana ba zai je can ba. Na ce ina da magani. Har a zuciyata na yarda ina da shi, don na ga ya warkar da faso, ya warkar da kaushi, na ga ya kwantar da tabon ƙuna.

Na yi ta shafa masa safe da yamma. Abin da ya ruɗe ni, wurin ya yi laushi, ya yi sheƙi, mai ya sa launinsa ya yi duhu ya kusa sajewa da sauran jiki. Na riƙa kiran mutane suna gani. Ashe saman nake gyarawa, abin yana can ciki yana tafiyarsa.

Daga baya aka zo da ƙwayar magani, wadda mutum zai sha yana zaune a gidansa. Wani malamin asibiti ya riƙa zagayawa a kan keke yana duba mutane. Ya zo har ƙofar gidanmu, ya ga Tanko, ya shafa masa auduga a cinya yana tambayarsa ko yana ji. Na fito da kwalbata na nuna masa. Ya shinshina, ya ɗiga a bayan hannunsa, ya ce, "Baba, man nan naka mai kyau ne, ni ma ina so ka ɗiba mini. Amma iyakarsa fata. Wannan ciwo a jijiya yake, mai ba ya kaiwa can."

Gaskiya ya faɗa. Amma ya faɗe ta a gaban mata masu dawowa daga rijiya, kuma a haife na haife shi. Wata ta yi dariya. Na ce, "Yaro, kafin uwarka ta san ɗakin miji nake wannan aiki. Hau kekenka." Tanko ya ce, "Yaya, da mun gwada." Na ce idan ya bi mai keke, to ya nemi wani yayan. Ya sunkuyar da kai. Ni na rene shi bayan mutuwar ubanmu, bai taɓa tsallake maganata ba.

Shekara biyu na ƙara riƙe shi. Wata rana muna dafa mazarƙwaila, yana juya kasko yana ba mu dariya, sai na ji warin nama. Na duba ko wani ya jefa abu a wuta. Hannun Tanko ne a kan bakin kasko, yana ta magana bai sani ba.

A kan jaki na kai shi wurin mai keken nan. Ya karɓe shi ya wanke hannun. Tun daga nan Baffanka yake shan ƙwaya, kuma ciwon ya tsaya inda ya kai. Amma abin da ya riga ya ci ba ya amayarwa. A layin karɓar magani da yake bi akwai wata mata da ta fara sha tun tabonta bai kai nasa ba, tun zuwan mai keke na farko. Yau yatsunta goma cif, tana kaɗinta tana tsintar shinkafa. Duk ranar da na raka shi sai na ga hannunta, sai in kau da kai.

Ka ga irin mutumin da ubanka yake. Da na ga tabon nan a bayanka, na san duk wannan, amma hannuna kwalba ya fara nema. Na ce wa kaina kada in ɓata maka tafiya. Na ce kada garin nan su ce gidan Audu ya sake fitar da wani. Na ce ko wannan karon mai zai yi. Wata huɗu na sace maka, Ilu. Ka yafe mini, amma kada ka ƙara ko kwana ɗaya a kansu.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce idan suka gani za su sallame ka daga aiki. Ban sani ba. Ka ji, na faɗe ta. Mai yiwuwa su ba ka magani ka ci gaba da aikinka, mai yiwuwa su ce ka tafi gida. Ba zan yi maka ƙarya in ce ba komai ba. Amma aikin da ka je koyo aikin yatsa ne, kuma kullum kana tsakanin ƙarfe mai zafi da tururi. Mutumin da fatarsa ta fara daina kawo masa labari, wannan wuri ya fi ko'ina haɗari gare shi. Kafin ka ga likita, duk abin da za ka taɓa ka fara kallonsa da ido. Kowace safiya ka duba tafin hannunka da na ƙafarka ko akwai ciwon da ba ka san lokacin da ka ji shi ba. Kada ka je wurin mai sassaƙe, kada ka bari wanzami ya tsaga wurin, kada ka saurari wani tsoho mai kwalba, ko da ya yi kama da ni.

Man da na ba ka kada ka zubar, ba shi ya yi laifi ba. Idan ka wanke baƙin man inji da sabulu hannunka zai bushe ya tsage, ka ɗiga kaɗan ka murza. Ka shafa a diddige da leɓe lokacin ɗari. Idan ka sami zogale ka ɗiga a kwaɗo, ba ya zama a ƙirji kamar man shanu. Kada ka sa a ido, kada ka sa a ɗanyen ciwo. A kan tabon nan kuwa kada ka sake sa ko ɗigo, musamman ranar da za ka asibiti. Ka bar shi ya bushe ya fito da ainihin launinsa, likita ya gan shi yadda yake.

Yau da safe, kafin in kamo hanyar Makarfi, na shiga wurin Baffanka. Ba ka sani ba, don kafin ka tashi nake yi: ni nake ɗaure masa mazagin wando kowace safiya, shekara tara ke nan. Ina durƙushe a gabansa na gaya masa abin da na gani a bayanka. Na ɗauka zai zage ni, kuma da ya zage ni da na ji sanyi. Sai ya ce, "Yaya, wata nawa?" Na ce huɗu. Ya ce, "To ai ka yi sauri wannan karon." Na ce me zan gaya maka daga bakinsa. Ya ce, "Ka ce masa ya je tun yana ɗaure wandonsa da kansa."

Ina jiran amsarka. Ka aiko ta hannun mai rubutun nan na kasuwar Makarfi, kusa da 'yan gishiri, zan riƙa zuwa duk ranar kasuwa. Ka rubuto abin da likita ya ce da bakinsa, ba abin da kake so in ji ba. Idan kasuwa uku ta ci ban ji daga gare ka ba, zan hau jirgi in zo, in tsaya a ƙofar wurin aikinku, in tuɓe maka riga a gaban kowa. Ka san zan iya.

Idan sun ce ƙyasfi ne, ka yi mini dariya iyakar son ranka, zan yi sadaka. Idan sun ce shi ne, ka karɓi maganin ka sha yadda suka ce, ko shekara nawa ne. Idan kuma sun sallame ka, kada ka ɓoye a Kaduna don kunya. Ka dawo da rana tsaka ta babbar hanya. Ni zan tarye ka a tasha, ni zan gaya wa Innarka, ni zan raka ka layin magani in tsaya kusa da kai, garin nan su kalla su ƙoshi. Akushi ɗaya za mu ci gaba da sa hannu.

Allah ya tsare mini kai, ya tsare idonka da ƙafarka da yatsunka goma. Allah ya haɗa ka da likita mai tsoron Allah, ya sa abin ya zo da sauƙi. Allah ya ba ka jin maganar da ubanka bai ji ba. Ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Wassalamu. Ni ne ubanka, Audu. Ga dangwalen yatsana a ƙasa, don ka san daga bakina ta fito.